Tambaya da Amsa: Ƙarar injin yankan ciyawata tana hawa tana sauka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa, mai injin Briggs & Stratton. Ya yi watanni a ajiye da mai a cikinsa. Da na tayar da shi sai ƙararsa ta riƙa hawa tana sauka, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Amma in na kunna wuƙaƙen ya shiga ciyawa, sai ya daidaita. Na sa sabon fulogi, ba ta canja zani ba. Wani ya ce in ɗaure sifirin ɗin gwamna, wani ya ce in sayi sabon kafireto. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya tukuna, musamman ta farkon. Don Allah ka bar sifirin ɗin nan yadda yake.

Gwamna wata 'yar na'ura ce a jikin injin, aikinsa shi ne ya riƙe injin a gudu ɗaya, yawanci tsakanin juyi 3,000 zuwa 3,600 a minti. In mai ya gaza isa, gudun injin ya fara raguwa, sai gwamna ya buɗe totur. Injin ya sami mai ya zabura, gwamna ya sake rufewa, man ya sake gazawa. Wannan jeka-ka-dawon shi ne ƙarar da kake ji. Gwamnan lafiyarsa ƙalau, yunwar injin yake nuna maka. Wanda ya ɗaure sifirin ya ƙara wa injin gudun da ba a yi shi dominsa ba, ga wuƙaƙe suna juyawa a ƙarƙashin mutum. Wannan yana damuna ƙwarai duk lokacin da na ji ana ba da shawararsa.

Bayaninka ya riga ya nuna inda cutar take. A cikin kafireto akwai babban jet da ƙaramin jet, wato 'yan ƙarafa masu siririn rami da mai ke bi ta ciki. In injin ba ya jan kaya, totur kusan a rufe yake, ƙaramin ne ke ciyar da shi. Da ka kunna wuƙaƙe totur ya buɗe, sai babban ya karɓi aiki, shi ya sa ya daidaita. Ramin ƙaramin jet ɗin bai kai kafar allura ba, ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe shi. Fetur kuwa in ya daɗe yakan bushe ya bar ƙaro mai danƙo, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan laima daga iska. Cikin wata guda ma yana iya fara lalacewa, balle watanni.

Ka fara da gwajin da ba ya buƙatar sifana. Ka ja birki, ka kashe wuƙaƙe, ka tayar da injin ya yi ɗumi, sannan ka ja cok rabi. In ƙarar ta lafa, to ta tabbata mai ne ya yi kaɗan. Ka kuma sassauta murfin tanki, don in ƙofar iskarsa ta toshe mai ba ya sauka yadda ya kamata. Ka zubar da tsohon man gaba ɗaya, ka canja filtar mai.

In bai daina ba, sai wanki. Ka bari injin ya huce, ka zare wayar fulogi, ka matse tiyon mai. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoton yadda sandunan totur da sifirin suke, don ramukan sun yi kama da juna, kuskure a nan yana da sauƙi. A ƙasan kofin kafireton irin waɗannan injuna sau da yawa akwai wani ɗan ƙarfe mai waya da ke tsayar da mai in an kashe makulli. Ya kamata ka ji ya yi ƙas in an murɗa makulli. In ƙaro ya riƙe harshensa, shi ma yana rage mai. Ka cire shi, ka cire kofin, ka fitar da jet ɗin biyu in naka mai fita ne. Ka fesa maganin wanke kafireto a kowane rami har ka ga ya fito ta ɗaya ɓangaren, ka kāre idonka. Ka bi da iska, sannan ka ɗaga jet ɗin ka duba ko haske na ratsa shi. Kada ka tura ƙusa ko allura. Tagulla ce mai laushi, in ramin ya faɗaɗa injin zai koma shan mai da baƙin hayaƙi. Siririyar waya ɗaya daga cikin wayar lantarki ta wadatar.

Mutane da yawa suna wanke kofin su mayar, su ce wanki bai yi ba. Kofin ba shi ne matsalar ba, ƙananan ramukan ne.

Saura abu ɗaya. Iska na iya satar hanya ta gasket, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar da ke tsakanin kafireto da injin, ta rinjayi man. Injin na aiki, ka ɗan fesa maganin a wurin, nesa da salansa saboda wuta. In ƙarar ta canja, gasket ɗin ya mutu, ka sa sabo. Duk lokacin da ka cire kafireto ma, sabon gasket ya fi.

Sai bayan duk wannan ne za ka waiwayi gwamna, ka ga ko sifirin ya saki ko ramukan sandar sun cinye. In za a canja shi, a sa mai lambar injinka. Sabon kafireto kuwa sai in ka tarar ruwa ya ci cikin tsohon har ya yi farin gari.

In za ka sake ajiye shi ya daɗe, ka rufe man ka bar injin ya yi aiki har ya mutu da kansa, ko ka zuba maganin da ke hana fetur lalacewa a tanki. Allah ya sa a dace.