Zamanin Hogan ko na Stone Cold, wanne ya fi?

Malam ka tambaya wane zamani ne ya fi daɗi a resilin, na Hogan ko na Stone Cold. To ni dai na Stone Cold ne gaskiya, amma ba a raina Hogan, don shi ya fito da harkar duniya ta sani bayan Vince McMahon ya sayi kamfanin WWF daga hannun babansa a 1982. A WrestleMania ta 3, babban wasan shekara na WWF, a 1987, Hogan ya ɗaga Andre the Giant ya maka da ƙasa, wannan ƙaton fa, filin ya ruɗe da ihu.

Abin da ya sa zamanin Stone Cold ya fi zafi kuwa kishiya ce, wani kamfanin resilin mai suna WCW ya kwashe Hogan ya rikiɗe ya zama mugu a ƙungiyar 'yan resilin ta nWo a 1996, suka yi sati 83 a jere suna doke WWF a yawan masu kallo a talabijin ranar Litinin, dole Vince ya saki layi ya bar Stone Cold yana jibgar maigidansa, wato shi Vince ɗin, a gaban jama'a, ga The Rock ga Undertaker. A 2001 Vince ya saye WCW ɗin gaba ɗaya, daga nan armashin ya fara raguwa wallahi.