Me ya sa “ƙasa” da “ɗaki” suke komawa bayan “zuma” a Python?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python ne. Na rubuta rubutu = "ƙasa, zuma, ɗaki, kifi", ina so in jera kalmomin bisa haruffa, sai ƙasa da ɗaki suka koma can ƙarshe. Na yi ƙoƙarin sauya harafin farko da rubutu[0] = "k", kwamfuta ta ƙi. Ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara da ƙin da ta yi. Zaren rubutu, wanda Python ke kira str, ba a gyara shi a inda yake. Shi ya sa ka ga saƙon kuskure na TypeError. Ko replace() ba ya taɓa na asali, sabo yake ba ka, sai ka ajiye shi da kanka. Jeri kuwa, wato list, ana ƙara masa, a cire, a sauya. Don haka ka fara yanka zaren:

jeri = [k.strip() for k in rubutu.split(",")]

Kada ka manta strip(), domin tazarar da ke bayan waƙafi tana biyo kalmar, kuma za ta ɓata maka jeri.

Batun ƙ da ɗ kuwa, Python ba ta san abjadin Hausa ba, lambar Unicode take dubawa, wato lambar da aka ba kowane harafi a kwamfuta. Harafin z lambarsa 122, ƙ 409, ɗ kuma 599, to dole su koma baya. Ni ban yarda a mayar da ƙ ta zama k don a huta ba, domin ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne. Kai za ka koya mata tsarin:

haruffa = "abɓcdɗefghijkƙlmnorstuwyƴz"
jeri.sort(key=lambda k: [haruffa.index(h) for h in k.lower()])

Yanzu za ka samu ɗaki, kifi, ƙasa, zuma. Sai dai duk harafin da ba ya cikin wannan zaren na haruffa zai jawo saƙon kuskure na ValueError. Idan kana rubuta 'y irin na Najeriya maimakon ƴ na Nijar, sai ka sa alamar a cikinsu.

A kula da wani tarko da ɗalibai ke yawan faɗawa: kada ka rubuta jeri = jeri.sort(). Shi sort() a wurin yake gyarawa, None, wato babu komai, yake mayarwa, sai ka wayi gari jerinka ya ɓace. In sabon jeri kake so, sorted() za ka kira. Idan kuma ka gama kana son zare guda, ", ".join(jeri) zai haɗa maka su.