Bidiyo na tsalle bayan na kwafe shi daga kyamara, in sayi sabuwar kwamfuta ne?

Wani mai karatu ya turo min saƙo yana cewa: "Malam, ina da tsohuwar kyamarar bidiyo mai cin ƙaramin kaset ɗin nan na MiniDV, akwai yarana suna ƙanana a ciki, har da muryar mahaifina da ya rasu. Na jona ta da kwamfuta na kwafe, amma in na kunna sai hoton ya riƙa tsalle yana sarƙewa, murya daban baki daban. Abokina ya ce kwamfutar ce ta tsufa. In sayi sabuwa?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna. Bidiyon MiniDV ba shi da wani nauyi, kusan megabayit 3.6 yake turowa duk sakan, awa ɗaya ta cinye wajen gigabayit 13, kuma kwamfutocin farkon shekarun 2000 ma sun yi wannan aikin lafiya lau. Sabuwar da za ka saya ma da wuya ka samu ramin FireWire (ramin da ake kwafo bidiyon irin wannan kyamarar ta cikinsa) a jikinta, ka ga an gudu ba a tsira ba kenan.

Abin da nake so ka fara yi ko sisi ba zai ci maka ba. Cire wayar, ka kunna kaset ɗin a ɗan allon kyamarar kanta, ka zuba ido daidai wurin da yake tsallen. In a nan ma ka ga hoton yana farfashewa ƙananan murabba'i ko layuka a kwance suna ratsa shi, toh babu ruwan kwamfuta, kan kyamarar ne ya yi datti ko kaset ɗin ya gaji. Nemi kaset na goge kai ka kunna kamar sakan 10 kawai, kar ka yi ta maimaitawa don yana cin kan. Kuma in da LP aka ɗauka (saitin da ke sa kaset ya ɗauki lokaci mai tsawo) ba SP na yau da kullum ba, irin wannan kaset ya fi yarda da kyamarar da ta ɗauke shi, kar ka rabu da ita.

In kuma tas yake a kyamara, ɗauki fayil ɗin ka kunna a wata na'urar ko a manhajar kunna bidiyo ta VLC. Tsallen yana zuwa a wuri ɗaya kullum? To an yi asarar hotuna ne lokacin kwafa, don kaset ba ya jiran kowa, hoto 25 ne ko kusan 30 ke shigowa duk sakan gwargwadon tsarin kyamarar, wanda kwamfuta ba ta cafke ba ya wuce kenan, sai dai a sake kwafa. In wurin yana canzawa, fayil ɗinka ƙalau yake, manhajar kunnawar ce ke haki. Akwai kuma wanda ke rikita mutane sosai, wato ka ga gefen hannun yaro ya yi haƙora kamar matsefi in yana gudu, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera bidiyon don tsohuwar talabijin, kunna saitin Deinterlace a VLC zai tafi.

Yanzu waya. Da wacce ka jona? Yawancin kyamarorin nan ramin USB ɗinsu na hotuna ne ko bidiyo mai rauni, cikakken bidiyon ta FireWire yake fita, wanda Sony ke kira i.LINK. In kwamfutar tebur ce, sayi katin FireWire na PCIe, wato irin wanda ake sokawa a cikin kwamfutar, ni na fi natsuwa da mai guntun Texas Instruments, shi ne sayayyar da ta dace da kai. Wayar nan mai USB a gefe ɗaya FireWire a ɗaya gefen kuwa don Allah kar ka saya, ba ta aiki. Ka kashe kyamara kafin ka soka waya, in ba haka ba ramin yana iya ƙonewa. Sannan ka kwafa da manhajar WinDV, kyauta ce kuma tana ƙirga hotunan da suka zube, sifili kake nema. Rufe komai, hana kwamfutar barci, kar ka taɓa ta har kaset ya ƙare, kuma rumbun da kake zubawa ya zama mai tsarin NTFS don mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil sama da gigabayit 4, wajen minti 18 zai yanke maka.

Wata baiwar Allah kuma ta ce nata kaset Hi8 ne, wani nau'in kaset ɗin kyamara daban da MiniDV, ta sayi ɗan abin USB mai wayoyi ja, fari da rawaya, hoto sai rawa yake. Hajiya, duba saitin manhajar ko an bar shi a NTSC alhali kaset ɗinki PAL ne (tsarin bidiyo biyu ne daban-daban), wannan kaɗai yana jawo haka. In bai gyaru ba, kar ki ƙara sayen irinsa, gara ki nemi aron kyamarar Digital8 ta Sony, amma ki tabbatar samfurin da ke kunna Hi8 ne don ba duka ke yi ba, sai ta fitar miki da shi ta FireWire.