Me ya sa maganin sankarar jini yake jinkirin fita daga jiki?

Tambaya: Likita, ƙanena yana karɓar maganin sankarar jini mai suna methotrexate ta ƙarin ruwa. An ce kwana uku zai yi a asibiti, amma har yanzu ba a sallame shi ba, wai maganin bai gama fita daga jininsa ba. Me ke jawo haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Idan aka ba da methotrexate mai yawa, wato daga miligiram 500 zuwa sama a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, so ake ya yi aikinsa ya fice da wuri, kuma ƙoda ce ke fitar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ta fitsari. Shi ya sa ake auna yawansa a jini bayan awa 24, 48 da 72, ana kuma ba da maganin kariya mai suna leucovorin har sai ma'aunin ya sauka, galibi ƙasa da maikromol 0.1 a kowace lita.

Saboda haka ƙoda ce wurin da za a fara duba. Idan fitsari ya yi kaɗan ko ya yi tsami, maganin yakan daskare a cikin ƙananan bututun ƙoda ya toshe su, kuma da zarar sun toshe sai fitarsa ta ƙara raguwa, ƙodar ta ƙara jin jiki. Wannan ne dalilin ƙarin ruwa mai yawa, kusan lita 3 a kan kowace murabba'in mita a rana, tare da sinadarin bayikabonet mai rage tsami domin ma'aunin tsamin fitsari, wato pH, ya tsaya a 7 ko sama. Amai, gudawa, zazzaɓi da zafin bazara duk suna ƙarar da ruwan jiki su rushe wannan shiri. Tsufa da ciwon ƙoda na da can su ma suna ƙara haɗarin.

Abin da na fi jin tsoro, domin shi ne ya fi sauƙin kaucewa, shi ne wasu magungunan da ake haɗawa da shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, maganin gyambon ciki omeprazole, dangin penicillin, da co-trimoxazole da aka fi sani da Septrin, suna rage fitarsa ko su ƙara illarsa, yayin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta gentamicin da vancomycin ke iya raunana ƙodar kanta. Da yawa daga cikinsu ana sayensu a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma dangi kan kawo su gefen gado da kyakkyawar niyya, haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya waɗanda ba a san abin da suke yi wa ƙoda ba.

Ruwan da ya taru a ciki ko a kewayen huhu shi ma yakan zama ma'ajiya, maganin ya shiga ya riƙa dawowa jini a hankali, don haka ake zuƙe ruwan kafin a fara ba da maganin. Ƙarancin furotin albumin a jini da bambancin gado a ƙwayar halittar SLCO1B1 suna da nasu tasirin.

Idan ƙoda ta taɓu sosai, akwai allurar glucarpidase da Amurka ta amince da ita a 2012, wadda ke farfasa maganin a cikin jini, sai dai tana da tsada da wuyar samu. Wani lokaci sai a koma ga wankin ƙoda. Ki tattara duk abin da ƙanenki ya sha kafin a kwantar da shi da bayan haka, na asibiti da na gida, ki nuna wa likitocinsa, kuma ki sanar da su nan take idan fitsarinsa ya ragu ko bakinsa ya fara gyambo.