Ruwa ba ya tsami banza: amsa ga yaron shago kan ƙwan paro

Jiya bayan la'asar ka tare ni a bakin shago ina saurin zuwa Kawo, ban tsaya na ba ka amsa ba. Cewa ka yi: "Maigida, 'yan kifin nan na akwatin ƙarshe sau biyu ke nan suna yin ƙwai, kafin gari ya waye ƙwan ya zube ƙasa ya yi fari. In zuba gishiri ne, ko akwai allurar da ake yi musu irin ta tarwaɗa?"

Ajiye gishirin nan tukuna. Allura kuwa, a ina za ka soka ta a jikin kifin da tsawonsa bai wuce santimita 4 ba? Na san inda tunanin ya fito. Hannunka ya faɗa da aikin gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa: a yi wa uwa allura, a matse ƙwai, a jira kwana guda. Tarwaɗa 'yar wahala ce, ko a kududdufi ka jefa ta sai ta yi ƙiba. Wannan kuwa ɗan gata ne, kuma gatansa ba a abinci yake ba, a ruwa yake.

Sunansa likoris gurami, a littafi Parosphromenus, masu kiwonsa kuma "paro" kawai suke cewa. Ire-irensa sun haura 20. Gidansu fadamun cikin kurmi ne a Malesiya da tsibiran Sumatra da Borneo da Bangka. Daga Bangka ɗin ma wani likitan sojan Holan, Pieter Bleeker, ya rubuta bayanin na farko a 1859. A fadamun nan ganye da itace sun yi dubban shekaru suna zuba cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Ruwan ya rine kamar shayin da ba madara, ya yi tsami, a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yakan sauka 4 ko ƙasa da haka, kuma kusan babu ma'adinai a cikinsa. A irin wannan tsami ƙwayoyin cuta ba sa samun sakewa, don haka ƙwan paro bai saba kokawa da su ba. Babban kifin zai iya daurewa a ruwanmu, ya ci abinci, har ya yi ƙwai. Ƙwan ne ba ya daurewa. Idan ruwa ya yi nauyi, wato ma'adinai sun yi yawa a cikinsa, ba ya manne wa rufin ɗan kogon da suke yin ƙwai a ciki da kyau, sai ya faɗo, ruɓa ta kama shi.

Da safe na auna akwatin naka, pH ya kusa 7. Na tabbata da ruwan burtsatse ka riƙa cike gurbin wanda ya ƙafe. Ka ga da ka ƙara gishiri, ka ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Abin da muke nema pH tsakanin 4 da 5.5, sannan abin awon nan mai kama da biro, mai nuna yawan ma'adinai a ruwa, ya nuna ƙasa da maikrosimen 50. Ruwan sama ne rufin asirinmu a Kaduna, amma ba kowanne ba. Na farkon damina wanke kwano yake yi, ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye duk suna ciki, bar shi ya wuce. Sai damina ta kankama, wajen Yuli da Agusta, ka tara a duro na roba mai murfi. Kada ka kuskura ka ajiye shi a tankin siminti, siminti yana sakar wa ruwa farar ƙasa. Ka tara da yawa, domin daga Oktoba sai kuma wata shekara. Idan ya ƙare sai ruwan injin tacewa na RO, kuma shi ma a auna, ba a yarda da rubutun jikin leda. Tsamin kuma da busasshen ganyen almon na Indiya za ka kawo shi, itacen nan ɗan uwan baushe da ake dasawa a harabar makarantu, wanda ganyensa ke yin ja kafin ya faɗi. Wanda ya faɗo da kansa za ka tsinta, ba ɗanye ba.

Ni ma na sha kashi a nan. Farkon fara kiwonsu na sayi wata farar tsakuwa mai kyau a hannun wani mai kayan ado, na shimfiɗa a ƙasan akwati. Kullum ina zuba ganye, tsami ya ƙi zama, har na yi asarar ƙwai zubi uku. Ashe da ɓawon katantanwa a ciki. Tun daga ranar duk dutsen da zai shiga akwati sai na ɗiga masa ruwan tsami. In ya yi kumfa, waje.

Kada ka juye ruwan duka lokaci guda don kana zumuɗin gyara. Kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, duk bayan 'yan kwanaki. Kuma bayan ya yi tsami, riƙe wannan: ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi a cikin soson tacewa ba sa aiki sosai a ruwa mai tsami. Dattin yana nan kwance bai da dafi ƙwarai, amma ranar da ka antaya ruwan famfo pH ya haura, sai ya rikiɗe ya zama ammoniya mai kisa. Shi ya sa akwatin lita 20 zuwa 25 miji da mata kaɗai ake sa wa.

Duba kogon ma. Guntun bututun roba da ka sa ya karkace. Namijin yakan tara 'yar kumfa a rufin, ya yi wa macen rawa, launinsa na ƙyalli, su rungumi juna, su tsinci ƙwan da baki su liƙa a sama. Rufi in ba a daidaice yake ba, ƙwai gangarowa zai yi. Wani lokaci kuma ƙuruciya ce kawai, sababbin ma'aurata sukan ɓarar da na farko da na biyu kafin su ƙware. Idan ya zauna, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai ƙyanƙyashe, namijin ya ci gaba da gadi, bayan kwana 4 zuwa 6 'ya'yan su fara iyo. A wannan tsakanin ka daina haska musu tocilan. Na ga kana yi.

Abinci mai rai kawai: artemiya sabuwar ƙyanƙyasa da moina, wato 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa, da ƙananan tsutsar sauro. Tsutsar sauron ka ba su gwargwadon abin da za su cinye nan take, kada ka haifa mana zazzaɓi a shago. Zafin ruwa kuma tsakanin digiri 23 da 28 a ma'aunin Salsiyos. A Maris da Afrilu sauke akwatin ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, fanka na kaɗa saman ruwan. A hunturu ka naɗe shi da kwali da dare. Ɗauke wuta bai cika damunsu ba idan ba a cunkushe suke ba.

Ka taɓa tambayata me ya sa nake wahala da kifin da ba ya kawo kuɗi. Fadamun nan ana yashe su ana dasa kwakwar manja, a Bangka kuma haƙar kuza ta tone ƙasa kamar yadda ka ga ramukan Jos. Kwakwar kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma, a 1848 aka kai tsiro huɗu lambun Bogor a Jawa. Wasu ire-iren paro a 'yan rafuka kaɗan kawai suke rayuwa a duk duniya. Saboda haka takardar da na liƙa a jikin akwatin, mai sunan iri da wurin da ya fito, kada ta ɓata, kuma kada ka haɗa macen wannan akwati da namijin wancan. Matan kusan kamarsu ɗaya, in sun gauraya ko ni ba zan iya raba su ba.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, ka wanke duro biyun nan na bayan shago. Ka kuma biyo ta makarantar da ke layinku ka roƙi mai gadi ya bar ka ka tsinto ganye.