Zama a Sidi Bu Sa'id da aiki a Tunis

Ka tambaya ko mutum zai iya zama a garin Sidi Bu Sa'id na ƙasar Tunisiya yana zuwa aiki birnin Tunis kullum. Zai iya, domin tazarar kusan kilomita 20 ce, kuma jirgin ƙasa na TGM (Tunis-Goulette-Marsa) da ke tasowa daga Tunis ya bi gaɓar teku yana tsayawa a garin kafin ya ƙarasa garin La Marsa.

Sai dai bisa abin da na gani, gara ka nemi gida kusa da tasha, ba a tsohon garin da ke kan tudu ba. A can haya tana da tsada ƙwarai, lunguna matsattsu ne masu hawa, kuma a watannin Yuli da Agusta masu yawon buɗe ido kan cika su har dare.