Kafin ka ce antibodinka ne ya danne su

Ka ce ka zuba ruwan da ka kwasa daga kan haibiridomarka, wato sel ɗin da ke samar maka da antibodi, a kan limfosait, sel ɗin garkuwar jiki, na saifar ɓera sai suka daina rarrabuwa, kana tambaya ko antibodinka ne ke danne garkuwar jiki. Toh ɗana tsaya tukun, kar ka yi saurin kai wa kowa labari.

Haibiridoma dai iyaye biyu gare ta tun yadda Köhler da Milstein suka haɗa ta a 1975, sel ɗin B na saifa da kuma mayeloma, ita kuwa mayeloman nan kansa ce, ko Sp2/0 ce ko NS-1, kuma ba a zaune take haka kawai ba. Sel ɗin kansa da yawa suna zubar da abubuwa masu danne garkuwar jiki irin su TGF-beta cikin ruwan, ga su da cin gulukos da gulutamin, kaga ruwan da ya kwana uku ya tashi daga ja ya koma rawaya ai ya riga ya tsami, ko wane sel ka ba shi zai yi lakwas, babu ruwansa da wane antijin ka sa.

Amma ni wanda na fi zargi shi ne maikoplazma, wata 'yar mitsitsiyar bakteriya. Munafuki ne na gaske, ba ya gurɓata ruwa ka gani da ido, fenisilin ba ya taɓa shi tunda ba shi da bango, kuma yana iya wucewa ta matatar mai ƙofofi maikron 0.2 ɗin da kake taƙama da ita. Wasu irinsu kamar arginini suna cinye arjinin ɗin ruwan kaf, wani amino asid da sel ke buƙata, sel ɗin T kuwa in babu arjinin ba sa motsi. Wasu kuma taimidin ɗin da kake awon rarrabuwar sel da shi suke farfasawa, sai lambobinka su faɗi ƙasa alhali sel ɗin suna nan lafiya ƙalau suna rabuwa.

Dan haka gobe ka jera min ramuka a faranti ɗaya, ruwan uwar mayeloma ita kaɗai, ruwan wata haibiridoma da antibodinta bai da alaƙa da aikinka, sai sabon ruwa da bai taɓa ganin sel ba. In ruwan uwar ma ya danne su toh magana ta ƙare, ba naka ba ne. Ka tace antibodin da furotin A ko G ka sake gwadawa da shi zalla, sannan ka aika samfur a yi maka PCR, gwajin gano DNA, na maikoplazma, kuma kafin sakamako ya fito kar ka sake ka sa filas ɗinka inkubeta ɗaya da na sauran mutane.